Jan Biro a Wuyan Jarumar Ɗiyata

Ɗiyata ta fari tana da shekara goma sha biyu ta tsinci wani tsohon littafin hotuna a cikin kayan gwanjo, na matan nan na Turawa masu tashi sama suna dukan ƙarti. Ta duba ta ce shigarsu ba ta yi mata ba, sai ta sami littafin rubutu ta ƙirƙiri tata jarumar. Koren hijabi take sawa, da shi take tashi kamar shirwa. Ranar da famfo ya ƙafe, ta ɗauko tankin ruwa ɗungurungum ta dire wa matan Tudun Wada. Ranar da ɗan kabu-kabu ya kusa banke wata tsohuwa, hannu ɗaya ta sa ta tare babur ɗin. Yarinyar da ko a aji ba a jin muryarta ta koma tana ba ƙannenta labari har da tsalle.

Ni kuwa tsoro ya hana ni sakat. A Ƙofar Taramniya muke, gidan surukina, malamin da ake cika zaurensa da ɗaukar karatu. Ni ma a irin gidan na tashi, na san abin da ake faɗa game da zana mai rai. Har na hango shi yana cewa a kai littafin murhu, matan gida suna cewa ban iya tarbiyya ba. Ban tambaye shi ba, ban tambayi ubanta ba. Ina da halin nan na yanke hukunci ni kaɗai in kira shi dabara.

Tun muna yara aka koya mana mafita: in ka ja layi a wuyan hoto, ka raba kai da jiki, ya tashi daga surar mai rai. Wata Asabar ta tafi kitso, na ɗauko littafin. Biron da ya zo hannuna ja ne, wanda nake duba aikin ɗalibaina da shi. Na bi shafi bayan shafi, har da rula don layin ya miƙe. Na gama ina jin daɗin wayona.

Da ta dawo ta buɗe, ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi.

"Inna, mi tay yi miki?"

"Cetonta niy yi. Yanzu ba mai ƙona ta."

Bayan kwana uku muna tsakar gida Malam ya shigo, ya tsaya a kanta.

"Ke, ina yarinyag ga taki mai tashi? Ta kai ruwan ko tana hanya?"

Ashe duk Juma'a bayan la'asar takan kai masa ya gani. Ta ɗauko littafin, ta durƙusa ta miƙa. Ya daɗe yana juya shafukan.

"An yanka ta, Malam," ta ce, ba ta ambace ni ba.

Duk gidan mutum ɗaya ke da jan biro. Ya dube ni ba faɗa, ya ce, "Wasan yara na, akwai sauƙi cikinai. Da kin tambaye ni."

Kunya ta kama ni, har yau ba ta sake ni ba. Na sayo mata sabon littafi da fensiran kala. Ta yi godiya da ladabi, ta raba wa ƙannenta.

Yanzu ta girma, tana aiki a kantin magani, tana da ɗiya mai son labari. Bara na yi ƙarfin hali na ce ta zana wa yarinyar ko da shafi ɗaya ne. Ta yi murmushi, ta gyara mini matashi a bayana.

"Hannuna ya manta, Inna," ta ce.