Kurma a Taron Masu Barin Giya

A taron masu barin giya a Tunis, Lutfi yana kallon wani kurma mai fenti a farce. Wataƙila motoci yake yi wa fenti. Kujerar matar da ke fassara maganar hannunsa wayam, an daina biyanta.

Mutumin ya miƙe, idonsa jawur, yana kai babban yatsa baki, yana dukan ƙirji. Ko yaro ya gane ya sake sha.

"Me yake cewa?" in ji Lutfi.

"Oho! Sauro yake kora," in ji Si Munsif, shugaban taron. "Ku tafa masa mu tashi."

Aka tafa. Wajen addu'ar rufewa kowa ya kama hannun na kusa. Lutfi ya damƙe hannun kurman na dama, Si Munsif na hagu. Yana fizgewa, suna ƙara matsewa, suna murmushi. Bai gama magana ba.