Tabaran Baba

Baba ya rasu ana saura 'yan watanni a samu mulkin kai. Kwana uku ya yi yana riƙe da kai yana cewa ɗakin na juya masa, ran na huɗu aka kai shi makwancinsa. Magatakardan alƙali ne a Kebbe, bai bar wani abin kirki ba. Da aka zo rabon gado, ƙannena suka ɗauki riguna da buta, ni na ce a ba ni tabaransa.

Lokacin an ɗauke ni koyarwa a firamare ke nan. A zamanin, duk wanda ya maƙala tabarau ya soke alƙalami a aljihu, to ya zama malam ko bai buɗe baki ba. Ranar da na fara sa shi, Inna ta dube ni ta ce, "Kai, kamar shi ya dawo." Daga nan ban ƙara cire shi ba sai in zan yi alwala ko barci, ko in tafi gona.

Ba a yi mako biyu ba kaina ya fara sara. Da safe lafiya lau nake tashi, amma kafin azahar goshina ya yi nauyi, in na juyo daga allo sai aji ya karkata. Na ce shi ke nan, ciwon Baba ne ya biyo ni. Wallahi na ji tsoro, ga matata da ƙaramin ciki, ni kuma ina ta lissafin ko zan kai ranar suna.

Babu abin da ban yi ba. Wanzami ya kafa mini ƙaho a ƙeya har sau uku. Na sha rubutu, na shaƙi hayaƙi har idanuna suka yi ja. Abinci ya fita raina. In na ji an yi rasuwa a gari, tambayata ta farko ita ce ko mamacin ya yi ciwon kai. Ranar da ba makaranta nakan bar tabaran a gida in tafi gona, in yini garau, sai in ce rubutun ne ya fara aiki. Ka ji wauta!

Da matata ta gaji da ganina ina taɓa goshi kamar mai gwada tukunya, sai ta kai ƙarata wurin Inna. Dole na hau motar kasuwa zuwa asibitin Tambuwal.

Malamin asibitin dattijo ne, ba shi da yawan magana. Na zayyana masa komai, har da yadda Baba ya cika. Ya ce in cire tabarau zai duba idona. Ya duba, sannan ya ɗora tabaran a hancinsa, ya ɗauki wata takarda ya karanta.

"Malam, wa ya auna maka wanga?"

"Na Baba ne."

"Shekarunka nawa?"

Na ce ashirin da uku.

"To wanga na ɗan sittin ne. Ni ya yi mani daidai. Idonka lafiya lau, kai kaka wahal da shi. Aje tabaran mako guda. In kan bai daina ba, ka komo mu tura ka Sakkwato."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Wata biyar ina bankwana da duniya a raina! Amma a mota, da tabaran a aljihu, ba kunyar ce ta fi damuna ba. Ji na yi kamar yau aka binne Baba.

Na tarar da Inna a tsakar gida tana tsintar tsakuwa a shinkafa, da laluben yatsu kamar yadda ta daɗe tana yi. Na faɗa mata abin da aka ce, na miƙa mata tabaran ta adana. Ta juya shi, ta goge da bakin zane, sai ta sa don wasa.

Ta dubi faifan, ta tsame wata 'yar tsakuwa da ta wuce ta ɗazu. Sannan ta ɗago ta dube ni.

"Wayyo ɗana," ta ce, "ashe haka ka rame, ni ban gani ba?"