Dalilin da Ya Sa Kawu Ya Tashi Shanunsa

Abubuwa da yawa sun shige mini, amma faɗuwar jirgin dakon kayan nan a gonakin Korbongou, da abin da ya biyo baya, ba na jin za su taɓa fita daga raina.

Lokacin ban daɗe da gama jami'a ba, ina zaune a Didaouré ina jiran aiki. Sai mahaifiyata ta tura ni Korbongou, can wajen Dapaong, in gaida ƙaninta, mai kiwo da fataucin shanu. Bayan girbi manoma kan bar shi ya sauka a gonakinsu, shanu su ci kara su bar taki.

Wata rana da hantsi muka ji tashin jirgi, ƙararsa na sarƙewa kamar tarin tsoho, hayaƙi na bin fiffike ɗaya. Ya yi kamar zai juya, sai ya sulalo ya faɗi cikin gona. Ba wanda ya fita da rai, Allah ya jiƙansu. An ce inji ne ya mutu. Ni dai ban san kan jirgi ba, abin da na ji ke nan.

To, gonar da ya faɗa, nan shanun Kawu suke kwana tun da aka gama girbi. Ana gobe abin zai faru ya tashe su ba sallama, ya koma bayan rafi inda ba ciyawar kirki.

Kafin azahar magana ta zaga gari: wa ya gaya masa? A yankin da ake zaman ɗar-ɗar, baƙo ba sai ya yi laifi ake zarginsa ba. Jandarmomi suka zo suka tafi da shi, na bi su don in yi tafinta, tunda ina jin Faransanci.

Kumandan ya tambayi dalilin tashinsa. Kawu ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka nan."

Na rage murya na ce, "Kawu, don Allah ka faɗi wani abu. Wucewa fa za su yi da kai."

"Kai dai gaya masa abin da na ce, ɗan boko."

Nan zuciyata ta fara raya mini abubuwa. Na tuna yadda kwanan nan ya daina cin abinci a waje, yadda yake waige-waige, yana magana ƙasa-ƙasa. Ban ce ya aikata komai ba. Amma me zai sa mai gaskiya ya yi shiru a irin wannan wuri?

Har an kawo motar da za ta wuce da shi, sai ga matarsa ta faɗo tana haki.

"Ɗana, gaya wa mai hular nan, babana ne ya sauka da garkensa a gonar da ke jikin tamu! Ta yaya mutum zai ci tuwo, ya yi wanka, surukinsa na kallo? Ya gwammace a ɗaure shi da ya ce ya guje wa tsoho."

Bayanta kuwa ga tsohon nan yana dogara sanda, rigarsa na warin hayaƙi. Kawu na ganinsa ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya juya fuska bango. Kumandan ya dube shi, ya dube ni, sai ya yi dariya ya ce shi ma yakan sake hanya in ya hango surukarsa. Aka kira mai gonar, ya tabbatar da zuwan tsohon, aka sallame mu.

A hanya Kawu ya ce, "Kai ma ka zarge ni, ko?"

Na ce, "A'a, wato, ai..."

"Ba na jin Faransanci, amma na ji muryarka tana rawa."

Har yau ni mutum ne mai yawan kokwanto, wataƙila haka zan mutu. Amma tun ranar na san ba kowane shiru ne yake ɓoye laifi ba. Wani shirun kunya ce, kuma saura kaɗan ta kai kawuna gidan yari.