Dutsen da ke ci da wuta a Dagmanet

Mun tashi da asuba daga Damagaram, ni da yayana, wanda ya yi shekaru yana aiki a ramin uraniyom na Arlit kafin ya yi ritaya. Ni 'yar kasuwa ce. Ina sayar da 'yan kunne da sarƙoƙin wani tsohon maƙerin azurfa na Agadas, masu koren dutse da ke haske in an haska shi da fitilar da masu haƙar zinariya ke neman kunama da ita. Sai wata ta baza cewa uraniyom ne a ciki, mata suka fara cirewa. In da illa, sana'ar tsohon ta mutu, don ni kaɗai ke ɗaukar kayansa yanzu da baƙi suka daina zuwa. Shi ya sa muka nufi Agadas mu auna dutsen.

Bayan Tanut hanya ta zama rami bisa rami. Damina ta yi gardama, gawar shanu gefen hanya har na daina juyawa in duba. A Adarbisanat wani makiyayi ya yi mini tayin akuya a kuɗin kaza. Sojoji sun sauke mu sau huɗu. A shinge na ƙarshe suka ga 'yar na'urar awon uraniyom ta yayana, ya yi ta bayani har direba ya fara tsaki. Cuku da dabino muka ci, da shayin da ya fi ruwan sha araha.

Washegari da hantsi muka sami maƙerin a rumfarsa a unguwar Dagmanet. Ashe ba dutse ba ne, fasassun kofuna ne na koriyar kwalba, irin na Turawan da, da yake saye wurin 'yan gwangwan. Ya rufa mana bargo, ya kunna fitilar, abin ya kama ci kore shar.

Yayana ya ɗora na'ura a kan sarƙa. Ta yi 'yar ƙara, ya ɗaga kafaɗa. Ya ce uraniyom ɗin kaɗan ne kuma a kulle yake cikin kwalbar, mai sawa ba ta da abin tsoro, kada dai yara su sa a baki. Na ji sanyi a raina.

Sai tsohon ya koma aiki don ya nuna mana. Ya goga kwalbar a busasshen dutsen wasa, ya hure garin da baki, ya lashi kwalbar don ya ga launinta, kamar yadda ya saba yi wa kowane dutse tun yana saurayi. Yayana ya haska fitilar ƙarƙashin bargo. Gemun tsohon da leɓensa suka yi kore.

“Baba, wannan garin shi ne dafin,” in ji yayana. “Ka riƙa wasawa cikin ruwa, ka rufe hanci, ka bar lasa.”

“Da can da ruwa nake yi, Alhaji. Pampon unguwa kwana tara ke nan bai ɗiga ba. Bido guda na ruwa muke saye, mu goma sha ɗaya. In ba dutse in hana jikoki?”

Ya yi tari, ya gyara rawani, ya tambaye ni guda nawa zan ɗauka. Na ɗauki waɗanda ya riga ya gama. Na sa aka kawo masa bido biyar, na san kuma ba dutse ne zai sha su ba.

Mun dawo gida lafiya bayan kwana uku. Na gaya wa mata abin da na'ura ta nuna, ba ƙarya ciki, kasuwa ta buɗe fiye da da. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne na je da tambayar masu sawa kawai, ban taɓa tambayar yadda ake yin kayan ba, kuma na ji kunyar hakan.

Jiya tsohon ya kira ni, muryarsa a dishe, yana murna ya sami sabbin kofuna shida. Ya ce, “Hajiya, in fara?”

Na ce ya fara.