Sitta Shawwal Ɗin Da Na Ɗauka A Ƙasar Da Rana Ba Ta Faɗuwa

Edita, don Allah a ba ni fili a shafin nan, amma a sakaya sunana. Waɗanda suka san ni a Bronx za su gane ni ko babu suna, kuma dama su nake so su karanta.

Lokacin da abin ya faru ni direban tasi ne, shekarata ashirin da biyu ina jan mota a New York ban taɓa gogar motar kowa ba. Bakano ne ni, mai taurin kai na bugawa a jarida. Abu biyu nake tinƙaho da su a duniya, tuƙina da azumina. Duk masallacinmu na Mount Hope an san washegarin Sallah nake ɗaukar Sitta Shawwal, in jera kwana shidan nan babu fashi. In aka zauna bayan Magariba wani ya ce ai Alhaji ba ya wasa da Sitta, sai in sunkuyar da kai kamar ban so ba, alhali a ciki daɗi kamar ya kashe ni. Matata kuwa 'yar Maraɗi ce, makitsiya, tana da kujera a wani shagon kitso a titi na 125 a Harlem. Mata har daga wasu jihohi suke zuwa su jira layinta. Hannunta na dama shi ne sana'arta, shi ne mutuncinta, kuma shi ya riƙe gidanmu na Parkchester duk lokacin da aikin tasi ya yi sanyi.

Wata mai zuwa kitso ce ta nuna mata hoton arewacin ƙasar Aisilan, can ƙurya a Turai, inda teku ke kutsawa tsakanin duwatsu. Matata ta manna hoton a jikin madubin shago, ta shekara uku tana kallo. Baiwar Allah nan tun da ta zo Amurka ba ta taɓa hutun mako guda ba. Da 'yarmu ta fara aikin nas, sai ta yi mana tikiti da hayar mota na kwana biyar, ta zaɓi washegarin ƙaramar Sallah don a ganinta an gama azumi, sai hutawa. A waccan shekarar, Sallah ta faɗo tsakiyar lokacin zafi. Tun muna haɗa kaya matata ta ce in bar Sittar nan sai mun dawo, tunda watan da saura, ga mu kuma matafiya. Na ce mata ban taɓa jinkirtawa ba, ba kuma a kan yawon kallon duwatsu zan fara ba.

Da muka sauka, mai ba da hayar motar ya tsaya yana min bayani: wai hanyar can arewa tsakuwa ce ba kwalta ba, babu shinge a gefe, tumaki na faɗowa titi, kada in taka burki da ƙarfi a kan tsakuwa. Na saurare shi ina murmushin raini. A raina na ce, ni da nake ratsa Manhattan da ƙarfe biyar na yamma, wannan ɗan saurayin ne zai koya min tuƙi? Na karɓi makulli ko takardar da ya miƙo ban duba ba.

Gaskiya ƙasar tana da kyau, ba zan ci amanarta ba. Hanya ta bi bakin ruwa ta shiga lungu, ta zagayo ta fito, ta sake shiga wani, ka hango ƙauye a tsallake kamar ka yi kira a ji, amma sai ka yi awa guda kafin ka isa. Matata ta ce kamar haƙoran matsefi, ta yi ta dariya tana ɗaukar hoto. Rabon da in ga dariyarta haka tun muna sabon aure. Abin da ban lissafa ba shi ne rana. Ashe a can, a wannan lokacin, rana ba ta faɗuwa. Sai ta sauko ta tsaya a bakin teku kamar mai shawara, ta sake tashi. Ranar farko na yi ta jira, sai da ta ɓuya bayan wani dutse na ce ta faɗi, na kurɓi ruwa, na ci dabino da ɗan burodi, kafin in gama har ta leƙo. Barci kuma babu, don haske har cikin ido. Matata ta ce in dai na dage, to in bi agogon Makka ko na New York, ta ji malamai sun halatta haka a irin waɗannan ƙasashe. Na ce mata ita kitso ta sani, ta bar min addini. Wallahi haka na faɗa mata, kuma har yau in na tuna sai na ji kunyar kaina.

Rana ta uku da la'asar muna gangarowa daga kan wani tsauni, teku na can ƙasa a hannun dama. Bakina ya bushe ƙamas, kaina na sarawa, hanya na rabuwa biyu a idona. Matata ta lura, don sau uku tana miƙo min gorar ruwa, tana cewa Alhaji don girman Allah in sha, ko in tsaya in kwanta. Ita ba za ta iya karɓar sitiyari ba, saboda ni na hana ta koyon mota, na ce direba ɗaya ya ishi gida. Na daka mata tsawa ta ajiye gorar. Ban san lokacin da idona ya rufe ba. Ihunta ne ya farkar da ni, na ga tunkiya da 'ya'yanta biyu a tsakiyar hanya, na danna burki iya ƙarfina kamar ina kan kwaltar Bronx. Motar ta zame, ta bar hanya, ta wuntsila sau biyu, ta tsaya a kan duwatsu ta gefen da matata take. Ni ko ƙwarzane ban yi ba. Ita hannunta na dama ya shiga tsakanin ƙofa da dutse.

Babu sabis a waya, babu gida, babu mota, sai iska da kukan tsuntsayen teku. Na jawo ta waje, na ɗaure hannun da mayafinta, na ɗora kanta a cinyata ina ta salati. Na lalubo gorar na ba ta ruwa, ta sha, ni ma ban san sanda na kafa kai na shanye sauran ba. Ta ɗago ido ta dube ni, ta dubi rana tana nan tsaye a sama, ta tambaye ni a hankali ko yanzu ta faɗi ke nan. Mun fi awa biyu a wurin kafin wata manomiya ta biyo da motarta ta kira mana agaji.

An yi mata aiki a can, an sake yi a nan. Ƙashi ya haɗu, amma jijiya ta mutu, yatsu uku ba sa lanƙwasuwa. Ta bar wa wata kujerarta a shago. Ni kuwa na koma masallaci, aka yi ta min jaje ana cewa ƙaddara ce, wasu har da yaba min, wai ga mutumin da ya riƙe azumi a ƙarshen duniya. Na karɓi yabon, tir da ni! Liman ne kaɗai ya ja ni gefe, ya ce nafila ce, ni matafiyi ne, kuma watan da sauran sama da kwana ashirin, ya tambaye ni wa nake wa azumin. Ni kuwa na san amsar sarai. Mafi ciwo, matata ba ta taɓa gaya wa 'yarmu azumi ne ya sa barci ya kwashe ni a kan sitiyari ranar ba. Ta ce mata tunkiya ce kawai. Yarinyar ta yi shekaru tana kuka tana cewa laifinta ne da ta sayi tikitin, ni kuma ubanta ina zaune ina ji, ban buɗe baki ba.

Watan jiya aka yi bikin 'yar tamu. Matar da ta yi wa amaren Harlem kitso ba adadi, sai wata aka ɗauko daga shago ta zo ta yi wa 'yarta tilo. Na leƙa falo na ga matata zaune a gefe, hannun a kan cinya, tana gaya wa makitsiyar ta ɗan sassauta nan, ta ja can, yatsunta biyu masu rai suna motsi su kaɗai. Ba ta yi kuka ba, ni ne na shige banɗaki na yi.

Abin da na koya da tsada na koye shi, kuma ba ni na biya ba. Ibadar da kake yi don a ce ka yi, ba Allah ka ba wa ba, kuma wani na kusa da kai ne zai ɗauki nauyinta. 'Yan'uwana direbobi, ƙwarewarku a titin birni ba ta bin ku ko'ina. In za ku ƙasar da ba ku sani ba, ku saurari mutanenta, ku tambayi malamai kafin ku hau jirgi. In Allah Ya yi muku sauƙi ku karɓa, ba ku fi Shi sanin addininSa ba. In kuma matarka ta miƙo maka ruwa a hanya, ka sha.

Mujallar nan tana zuwa gidan 'yata. 'Yata, ba tikitinki ba ne, ba kuma tunkiya ba ce. Ni ne.