Abin da Manar Ke Kiwo a Saman Bene

Duk wanda ya daɗe a unguwar Mansur ta Makka ya san Rabe mai tsire, in bai san fuskarsa ba ya san hayaƙinsa. Larabawan Makka sun kasa faɗin tsire, suka mai da shi siriya, shi kuwa bai taɓa yi musu gyara ba tunda suna saye. Ya baro Maraɗi yana saurayi, ya yi shekara biyu a Chadi, uku a Sudan, sannan ya tsallako teku. Hajji ya zo yi, in ji shi, kuma har yau bai ce ya fasa komawa gida ba. Amma labarin nan ba nasa ba ne, na ɗiyarsa Manar ne, wadda ta ɗauko wata sana'a da ko a mafarki babu wanda ya taɓa yi a danginsu.

A unguwar Nakkasa aka haife ta, can kan dutse, a ɗaki ɗaya mai bangon bulo da ba a yi wa yaɓe ba. Larabci ta tashi da shi a makaranta da kan layi. Hausa kuwa ta aike ce da ta faɗa da ta abinci: a yi mata magana da ita, ta ji, ta mayar da Larabci. Da zafi ya shigo, ƙananan halittun nan da yaran unguwa ke kira burs sukan fito su manne a bango. Rabe ba ya haɗa ɗaki da su. Ya taso da cewa in ɗaya ta faɗa cikin tuwo kuturta ce ke biyo baya, ya kuma ji malamai na cewa kashe ta lada ne. Da ya hango ɗaya sai ya ce, "Tsaka!" Uwarsu Asiya ta janyo yara daga jikin bango zuwa tsakiyar tabarma, shi kuma ya cire takalmi. Haka aka yi ta yi har Manar ta girma, ba sai an janyo ta ba, da ta ji kalmar take komawa tsakar ɗaki ta tsaya.

Asiya ta rasu Manar tana da shekara ashirin da uku. Bayan nan rusau ya ci layinsu, suka kwaso komatsai suka kama haya a wani tsohon bene a Mansur, hawa na farko, haɗe da wani ɗan ɗaki a can sama kusa da tankin ruwa. A lokacin gwiwoyin Rabe sun riga sun raba shi da tukubar tsire. Matakala goma sha biyu na hawa na farko ma sai ya huta sau biyu, balle sama. Ɗakin saman ya zama na Manar, da izininsa, kuma kowa a gidan ya san ranar da ya janye izinin magana ta ƙare.

Aiki ta samu a wani kantin tsuntsaye da kifayen ado. Nan wata rana wani mutum ya dawo da hawainiyar da ya saya, ta rame ta yi baƙi ƙirin, ya ce an sayar masa da mara lafiya. Mai kanti ya ce a jefar. Manar ta tambayi mutumin yadda yake ba ta ruwa, ya ce a kwano mana, kamar kowace dabba. To ita hawainiya ba ta san kwano ba, ko za ta mutu da ƙishi ba za ta kalle shi ba, sai ɗigon da ke gangarowa kan ganye. Manar ta sa ta a kwali ta hau da ita sama, tana fesa wa ganye ruwa safe da yamma, tana miƙa mata gyare ɗaya ɗaya. Ran kwana tara dabbar ta koma koriya shar. Murnar da Manar ta yi ranar, ba ta yi irinta ba tun rasuwar uwarta.

Daga ɗaya aka koma biyu, daga biyu aka sami ƙwai. Ta sa mukayyif, na'urar sanyaya iska, a ɗakin don zafin Makka ba ya barin irin waɗannan da rai, ta koyi kiwon gyare da tsutsa a robobi. Ta taɓa sauko wa uban da hawainiya ɗaya a kan reshe. Ya kalle ta tana ɗaga ƙafa tana fasawa, ido ɗaya a kansa ɗaya a kan fanka, ya ce tafiyarta irin ta tsohuwa ce cikin cunkoson ɗawafi. A garinsu, in ji shi, masu magani kaɗai ke neman ta. Amma bai hana ba.

Abin da bai sani ba shi ne na cikin wasu ƙananan akwatuna da ke ɗakin. Shekara biyu ke nan Manar tana kiwon wasu 'yan rawaya masu ɗigon baƙi da jela mai kauri, waɗanda masu sana'ar ke kira geko. Su suka fi tafiya a kasuwa, don ba su da wahala kuma yara na son su. Da uban ya tambayi me ta ƙaro, ta ce geko. Ya ce mi ne geko? Ta ce wani irin ƙadangare ne na waje. Ba ƙarya ta yi ba, amma ta san sarai cewa dangin burs ne, ta kuma san abin da zai ce in ta faɗi haka. Abin yana cin ta, musamman in ta sauko daga wajensu ta zauna cin abinci da shi.

Bana aka shirya baje kolin dabbobi masu jan ciki a wani zauren biki da ke hanyar Jidda, aka ba ta tebur karo na farko. Ta gaya masa ne don ta kasa riƙe murnar, tana rufe baki ta yi da-na-sani.

"Ran nan zan zo," in ji shi.

"Abuya, akwai zahma sosai, mutane a cunkushe, kuma ƙafarka..."

"Ni da na yi jifa a Mina fiye da sau arba'in za ki ba labarin zahma? Ɗiyata ta buɗe tebur a kasuwa, wani can ya riga ni sa mata albarka? Ki gaya ma Talal shi kawo mota bayan la'asar."

Talal yayanta ne, direban tasi, kuma ba ya musu da tsoho. Manar ta hau sama ta tsaya kan akwatunan. Ta yi tunanin ta bar su gida, ta yi tunanin ta tura su ƙarƙashin tebur in ya shigo. Daga ƙarshe ta ga ta gaji da ɓoyo, albarkar da za a sa wa rabin tebur kuma ba ta son ta. In ya gani ya ce a fitar, ba ta da wani ɗaki a duk Makka, kuma ko tana da shi ba za ta tsallake maganarsa ba.

Ranar, zauren ya cika tun azahar. Ga masu macizai, ga masu kunkuru, ga wani da damo a kafaɗa yana ta ɗaukar hoto da mutane. Manar ta jera kejin hawainiya shida a dama, ta sa kwali tsakanin kowane biyu, don in suka ga juna fushi suke yi su dushe, mai saye ya ɗauka ciwo ne. A hagu ta jera akwatuna goma sha biyu na roba mai haske. Ta sayar da uku kafin la'asar, tana yi wa kowa bayanin abinci da zafi har ya gaji, ta kuma hana wani saurayi da ya ce zai sa tasa a mota don ado. Duk da haka idonta na ƙofa.

Sai ga shi, da farar jallabiya da sanda, Talal ya rako shi ya koma neman wurin ajiye mota. Ya bi ta gaban macizai bai ko waiwaya ba. Ya tsaya a dama, ya gaisa da hawainiyoyin kamar tsofaffin maƙwabta. Sannan ya matsa hagu, ya sunkuya, ya daɗe a sunkuye.

"Tsaka," ya ce, a hankali.

Kafin ta yi tunani ƙafafunta sun riga sun yi nasu. Ta zagayo tebur, ta ja baya taku uku, ta tsaya a tsakiyar hanyar da mutane ke wucewa, mace mai shekara talatin da ɗaya, hannuwa a ƙirji.

Ya ɗago ya dube ta. "Ina za ki?"

"Ka ce tsaka, Abuya."

"Na ce tsaka."

"To ga ni a tsaka."

Ya nuna akwatin da sanda. "Wannan abar, mi sunanta?"

"Geko." Ta dawo bakin tebur. "Yani, dangin burs."

"Da Hausa nike tambaya."

"Ba ta da suna da Hausa."

Rabe ya fara dariya, irin wadda ke fitowa daga ciki ba sauti, har sai da ya lalubi kujerarta ya zauna. Da ƙyar ya iya gaya mata cewa tsaka sunan dabbar ne, duk shekarun nan ita yake nunawa, ba umarni yake ba kowa ba. Kalmomin biyu sun bambanta a karin murya, amma sai kunnen da ya tashi a Maraɗi ke jin haka. Manar ta ji kunya ta rufe ta har tafin ƙafa. Da ta dube shi yana goge ido da bakin hannun riga, ta gane ba duka hawayen ne na dariya ba.

"Laifina ne," in ji shi. "Na ba ki tuwo, ban ba ki sunayen abubuwa ba."

Wannan ya ba ta ƙarfin faɗin nata. "Abuya, ni ma na ɓoye maka. Na san in na ce burs za ka ce a fitar. In ka ce haka yanzu, halas, shi ke nan, gobe ba za su kwana a gidan ba."

Ya jawo kujera kusa, ya ce ta buɗe ɗaya, amma kar ta miƙo masa. Ta buɗe. 'Yar rawayar ta taka zuwa bangon akwatin, ta kafa ƙafafun gaba, ta zame, ta sake, ta zame. Manar ta ce ba ta iya hawa bango, yatsunta ba sa mannewa, kuma a ɗakin sama aka ƙyanƙyashe ta, ba ta taɓa ganin tukunyar kowa ba. Dabbar ta juyo ta kalli tsohon, ta lumshe ido ta buɗe.

Ya ja da baya kaɗan. "Ƙifta mini ido ta yi?"

"Tana da fatar ido. Ta bango ba ta da ita."

"Shekara sittin ina kashe su, ban taɓa ganin wadda ta rufe ido ba." Ya shafa gemu. "Ban ce ba tsaka ba ce. Ban kuma ce ita ce ba. Zan tambayi waɗanda suka fi ni karatu, abin da suka ce shi za mu bi, ni da ke. Kafin nan kar ta sauko inda ake abinci, ki kuma wanke hannu da sabulu ina gani."

"Ɗakin fa, Abuya?"

"Wa ya yi maganar ɗaki? Rufe ta, kar sanyi ya kama ta."

Wata mata da 'yarta sun ɗan jima a tsaye suna kallon babbar hawainiyar. Matar ta nemi ragi. Rabe ya gyara zama, hancinsa ya ji ƙanshin ciniki bayan shekaru, ya gaya mata da Larabcinsa na bakin tukuba cewa wannan ba ta kanti ba ce, daga ƙwai ɗiyarsa ta rene ta, kuma in a kwano za ta ba ta ruwa gara ta bar musu abarsu. Manar ba ta san ya riƙe wannan ba. Matar ta yi dariya ta ce a sa mata a kwali.

Kafin a sa, ya ce a dakata. Ya miƙe da sanda, ya ɗora tafin hannunsa a kan teburin, ba dama ba, ba hagu ba, inda hannun ya kai.

"Allah shi yi wa sana'ar ɗiyata albarka," ya ce, "wadda na sani a ciki, da wadda ban sani ba."

Manar ta buɗe baki za ta ce amin. Matar ce ta riga ta faɗa, sannan ta miƙo kwalin.