Baba Ya Ce Da Sauƙi

A garinmu ba a tambayar marar lafiya jiki ya ce babu sauƙi. Ko da juya shi ake yi a kan tabarma, ko ruwa ba ya wuce masa maƙogwaro, in aka ce "yaya jiki?" sai ya tattaro ɗan abin da ya rage masa na murya ya ce, "Da sauƙi, Alhamdulillahi." Haka muka taso muka tarar. Wanda ya tsaya lissafa inda ke masa ciwo, kallon mai raki ake yi masa, wasu ma su ce ya butulce wa Allah. Da wannan tarbiyya na girma, kuma ban taɓa ganin aibunta ba sai shekarar korona, shekarar da na rasa mahaifina.

Baba manomi ne a wani ƙauye can gaba da Dawakin Tofa. Daga bayan katangar gidanmu gonarsa ta fara, inda ta ƙare kuma nan ta wani ta soma, haka har garin gaba. A wajenmu gona ba ta da sirri. Wanda ciyawa ta fi ƙarfinsa, duk mai wucewa masallaci ya gani. Da rani Baba yana kiwon tumaki ya kai birni ya sayar, kuma muna zaton a can ya kwaso cutar.

Ana cikin azumi zazzaɓi ya kwantar da shi, sai tari, sai numfashi ya fara gagara. Aka kai shi asibiti a birni, aka gwada, aka wuce da shi inda ake killace masu korona. Ba mu sake sa shi a ido ba sai bayan sallah. Ni ce autarsa, ina koyarwa a firamare, makarantu kuma duk a rufe, don haka na nemi izinin maigidana na dawo wajen Inna. Yayana, wanda shi kaɗai ne namiji a cikinmu, yana kudu, dokar kulle ta tsare shi.

Ranar da aka sallamo Baba, hularsa har kunne take sauko masa saboda rama. Inna ta tuƙa tuwon dawa, ta kaɗa miyar kuka da daddawar nan tata da maƙwabta ke jin ƙamshinta ta kan katanga. Ya yi loma biyu, ya ɗago kai ya ce, "Yau kin manta daddawa ne?" Ni da Inna muka kalli juna. Ashe cutar ta ɗauke masa jin ƙamshi.

Mun ɗauka dawowarsa ita ce ƙarshen wahala, ashe da saura. Mutane suka zo sannu, amma daga bakin zaure, hannu a bayansu. A ƙofar gidanmu dattawan unguwa suka saba ciyayya bayan magariba, kowa ya fito da akushinsa a haɗu a ci. Baba ya fita da nasa, ya shimfiɗa buzu, ya jira. Akushin ya dawo cikin gida kamar yadda ya fita. A masallaci kuwa, shi da kansa ya faɗa wa Inna yana 'yar dariya, wai an bar masa fili dama da hagu har jaki zai iya wucewa. Dariyar ba ta kai ciki ba. Ban ga laifin mutane gaba ɗaya ba, tsoro ne, kullum rediyo sai labarin mutuwa. Amma mutumin da ya shekara sittin ba a tashi taro babu shi, a wayi gari ana kauce masa, wannan ciwo ne na daban.

Daga nan Baba ya yanke shawara shi kaɗai: ya warke. Duk wanda ya tambaye shi, ba ma "da sauƙi" kawai yake cewa ba, har ƙarawa yake, "Garau nake, takarda suka ba ni." Gaskiya ne, gwaji ya nuna cutar ta fita. Abin da ta bari a ƙirjinsa ne bai fita ba. Daga ɗakinsa zuwa bakin rijiya sai ya tsaya ya dafa bango. In ya yi sujada, tasowa aiki ce. Yana cikin magana sai kalma ta ɓace masa, ya yi shiru yana murza goshi.

Akwai wata nas a asibitin da aka ɗora wa bibiyar waɗanda aka sallama. Lokaci-lokaci takan kira wayar Baba, mace mai ladabi, muryarta a gajiye. Sai ta gaishe shi sosai kafin ta fara.

"Baba, in ka yi 'yar tafiya kana haki?"

"Alhamdulillahi, 'yata, da sauƙi."

"Ƙirjin fa, yana maka nauyi?"

"Da sauƙi ƙwarai."

"Kana jin ƙamshin abinci?"

"Mun gode Allah."

"To, madalla. In ka ji wani abu, Baba, ka dawo mu duba huhun da zuciyar. Kada ka zauna da shi."

Ina gefe ina tsince wake, raina yana tafasa. Yana ajiye waya na ce, "Baba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wannan ba gaisuwa take yi ba, aiki take yi. Abin da ka faɗa shi za ta ɗauka." Da wani ne cikin yayyena ba zai iya buɗe baki haka ba, amma auta bakinta sake yake.

Ya ce, "Auta, Allah Ya tashe ni daga inda na ga an ɗauke na dama da ni, an ɗauke na hagu, sannan in buɗe baki in ce ban ji sauƙi ba? Da wace fuskar?"

Da ta sake kira na riga shi ɗauka. Na faɗa mata komai, hakin, mantuwar, kumburin ƙafa. Ta ce lallai a kawo shi. Ta nemi a ba shi wayar, ya karɓa, ya ce mata, "Rabu da ita, 'yan boko ne, ko atishawa ka yi sai su ce asibiti." Nas ɗin ta lallashe shi iya lallashi. Marar lafiya da bakinsa ya ce lafiyarsa lau, ya za ta yi da shi? A ranar ne kaɗai ya faɗa mini abin da ke ransa. Ya ce a can inda aka killace su, in mutum ya cika, ba nasa ne ke masa wanka ba, ba sa ma ganin fuskarsa. Ya ce, "In mutuwa ta zo, ta same ni a nan." Na shiga ɗakin Inna na yi kukana.

Damina ta sauka. Ranar ruwan shuka duk gari ya ɗauki ƙamshin ƙasa, Baba yana tsaye a bakin zaure yana jan hanci, yana sake ja. Can ya juya ya ɗauko sungumi.

A garinmu gayya iri biyu ce. Akwai wadda mai gona ke kira, ya dafa abinci, a zo a taya shi. Akwai kuma wadda ba a roƙa, ita ake yi wa marar lafiya da matar da miji ya mutu ya bari: a wayi gari kawai a ga maza a gonar, su gama su tafi, ko ruwa ba sa sha. Sai dai ba a shiga gonar mai rai sai an sanar da shi. Aminin Baba, wanda gonarsu ke haɗe tun suna samari, shi ne mutum na farko da ya daure ya dawo ciyayya. Wata rana bayan sun wanke hannu ina jin su ta cikin zaure.

"Malam, mun yi magana da mutane. Bana ka huta, mu za mu yi maka noman nan."

"Wa ya ce muku ba ni da lafiya?"

"Ba wanda ya ce. Amma labarin zuciya a tambayi fuska."

"Alhaji, in kuka shiga gonar nan, kun yi shela ke nan cewa har yanzu abin yana jikina. Sai a ƙara matsawa a sahu. Ku bar ni in noma abina, kowa ya gani da idonsa."

Aminin ya ce, "To, Allah Ya ƙara sauƙi." Baba ya ce amin.

Haka ya yi shuka, ya yi noman firi, ya yi maimai, shi kaɗai. Aikin da ya saba gamawa a 'yan kwanaki ya ja shi har maƙwabta suka wuce shi nesa. Ni ke kai masa fura da hantsi. Nakan tarar da shi ya dafa ƙotar fartanya, bakinsa a buɗe, rigarsa jagab. Da ya hango mai wucewa sai ya miƙe ya ɗaga murya ya amsa barka da aiki, har da zolaya. Kuma abin haushin, dabararsa ta ci. Mutane suka ga yana noma, suka saki jiki. Akushi ya fara dawowa a share. A masallaci kafaɗa ta sake haɗuwa da tasa. Ya shigo gida rannan fuskarsa fal murna, ya ce da ni, "Malama, ina asibitin naki?" Na ce, "Baba, ƙafarka ba ta shiga takalmi." Ya ce takalmin ne ya tsufa.

Sai lokacin huɗa ya zo, ita kuwa ba wasa ba ce ko ga mai lafiya. Garma tana da nauyi, ga ƙasa ta sha ruwa, ga gero ya kai ƙirji, iska ba ta ratsawa. Inna, wadda ban taɓa jin ta musa masa ba, ta ɓoye garmar a bayan rumbu. Ya nemo abarsa ya saɓa ya nufi gona.

Bai kai rabin gonar ba. Na je da fura ban hango kansa a cikin geron ba, sai na bi sabuwar huɗar har inda ta tsaya. Yana kwance a gefensa, hannu ɗaya a kan garmar, idonsa biyu. Na kwarma ihu, aminin nasa ya ratso daga tasa gonar a guje, ya tallafo kansa yana cewa, "Malam! Malam, yaya?" Na ga leɓen Baba yana motsi. Na san abin da yake son faɗa, amma wannan karon numfashin bai isa ba. Kafin a samo mota ya cika, da kalmar shahada da aminin ke laƙƙana masa.

Nasa ne suka yi masa wanka, kamar yadda ya so. Sahun jana'izarsa kuwa ko allura ba ta samu wurin faɗuwa ba.

Washegarin sadakar uku, da sassafe, muka ji ƙarar garemani a bayan katanga. Na leƙa. Maza ne cike da gonar, babu kiɗa, babu hira. Tun rana ba ta yi zafi ba suka gama huɗar tas, suka saɓa garemaninsu suka tafi. Ɗan wannan aikin ne fa. Shi ne abin da Baba ya ba da ransa a kai. Na tsaya a wurin ina jin haushin kowa: su da suka matsa a sahu, shi da ya ƙi faɗa, da wanda ya fara koya mana cewa faɗin ciwo rashin godiya ne.

Bayan 'yan makonni wayarsa ta yi ƙara a cikin kwallar Inna, inda muka ajiye ta. Nas ɗin ce. Ta ce, "Yaya jikin Baba?" Na faɗa mata. Ta yi salati. Sannan ta yi masa addu'a, ta ce, "Ke fa? Na ji muryarki wani iri. Kina samun barci? Kina cin abinci?"

Rabona da barcin kirki tun ranar gonar. Zanina har ninki biyu nake masa kafin ya zauna a ƙuguna. Ga wadda ta tambaya da gaske, ga ni da na fi kowa sanin abin da amsar nan take jawowa. Na buɗe baki zan faɗa mata, sai na ji na ce, "Da sauƙi, Alhamdulillahi."